Layi Ɗaya A Tsinken Gwaji

Yau zan fara da laifin kaina, domin wanda ya saba ba mutane shawara ta tagar ɗakin magani ya kamata wata rana ya faɗi inda shi ma ya kauce hanya. Aikina harhaɗa magunguna ne a wani asibiti da ke kudancin Jihar Kano, inda marasa lafiya ke zuwar mana daga ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada har Doguwa. Idan damina ta kankama, daga Yuli zuwa Oktoba, da wuya yini ya wuce ban ga uwa ko uba sun tsaya a gabana da takarda a hannu, fuska a murtuke, suna cewa, "An ɗebi jinin yaro wai ba a ga komai ba, alhali jikinsa kamar garwashi." Abin da suke so a wurina shi ne in miƙo maganin zazzaɓin cizon sauro mu rabu lafiya. Ina fahimtar su ƙwarai, don ni ma na taɓa yin irin tunaninsu, kuma saura kaɗan ya ja mana asarar rai a cikin gida.

Shekara huɗu ke nan, cikin watan Agusta, yayata ta kira ni daga ƙauyen da take aure a ƙasar Doguwa, can bayan Dajin Falgore. Ɗanta mai shekara uku ya kwana biyu da zazzaɓi. Ta kai shi ɗakin shan magani na kusa da su, aka soki yatsansa, aka ɗiga jini a tsinken gwaji, layi ɗaya ya fito. Ma'aikacin ya ce mata ba maleriya ba ce, ta wuce da shi babban asibiti a duba shi da kyau. Ga kuɗin mota, ga aikin gona ya yi yawa, sai ta ga gara ta tuntuɓi ƙanenta da ya yi boko. Ta ce, "Ƙanena, kai ne ka san magani, me zan ba shi?" Na ce, "Yaya, damina ce fa, kuma abin gwajin nan ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Zan aiko miki da magani." Washegari na ba wani direba da ke bi ta Kwanar Dangora kwalin maganin maleriya ya kai mata. Ban tambaye ta ko yaron yana tari ba, ban kuma ce ta ɗaga rigarsa ta dubi yadda ƙirjinsa ke motsi ba.

Bayan kwana biyu, da asuba, suka iso asibitinmu, yaron a kafaɗar mahaifinsa yana numfashi sama-sama, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce limoniya ce ta kama huhun dama. Aka sa masa iskar oksijin, aka fara yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta. Kwana shida muka yi a ɗakin yara kafin ya buɗe ido ya nemi kunu. A duk kwanakin nan yayata ba ta ce da ni uffan ba a kan maganin da na aika, kuma shirun nata ya fi mini faɗa ciwo.

A rana ta biyu, wani dattijo da ya daɗe a ɗakin gwaje-gwajenmu ya sake ɗiga jinin yaron a sabon tsinke, ya kira ni in gani da idona. Layi ɗaya. Ya ce, "Malam, da maleriya ce ya yi, ko bayan maganin da ka ba shi da har yanzu layi biyu za ka gani, don shaidarta tana daɗewa a jini. Ka kuwa san abin da ke cikin tsinken nan da ka ƙaryata?" Na ce, "Baba, antibodi ne." Ya ce, "Wannan amsar jarrabawa ce." Ya koma kan aikinsa ya bar ni a tsaye. Gaskiyarsa. Na haddace kalmar a jami'a, na ci maki da ita, amma ban taɓa zama na yi tunanin abin da take nufi ba. Abin da na koya daga baya shi ne nake son in shimfiɗa maka yau.

Duk lokacin da wata baƙuwar ƙwayar cuta ta shiga jikinka, wasu daga cikin fararen ƙwayoyin jini sukan ƙera wani furotin na musamman dominta, shi ne ake kira antibodi. Siffarsa kamar ta gwafa ce, kuma da bakin rassan nan biyu yake riƙe abin da aka ƙera shi dominsa. Baiwarsa ɗaya ce tak: yana shaida abu guda. Ka dubi ɗan maraƙi idan garke ya dawo daga kiwo da yamma. Shanu ɗari ne a gabansa, amma wurin uwarsa yake nufa kai tsaye. Haka antibodin ƙyanda ba ruwansa da ƙwayar shan inna, na shan inna kuma ba ya kallon ta ƙyanda. A shekarar 1890, a birnin Berlin na Jamus, Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta yi yaƙi da dafin wata cuta yana iya kare wata dabbar. Daga nan aka samo maganin dafin mashaƙo, wanda har yau daga jinin doki ake tace shi, kuma shi aka riƙa nema ruwa a jallo a Kano lokacin annobar 2023. Maganin dafin maciji da ake yi wa wanda kububuwa ta sara a gona shi ma antibodi ne na dabba.

Daga baya masu bincike suka ga cewa abin da ke shaida abu ɗaya a cikin dubbai zai yi amfani ko a wajen jiki, a matsayin kayan aiki. A 1941 Albert Coons a Amurka ya liƙa wa antibodi wani rini mai ƙyalli, ta yadda duk inda ya je ya kama abin nemansa, wurin zai haska a ƙarƙashin madubin likita. Matsalar da ta rage ita ce jinin dabba cike yake da antibodi iri-iri a gauraye, kuma na zomon bana ba lallai ya yi daidai da na zomon baɗi ba. A 1975, a garin Kambirij na Ingila, César Milstein ɗan asalin Ajantina da Georges Köhler Bajamushe suka warware ta. Suka ɗauki ƙwayar halitta daga saifar ɓera, wadda ke ƙera antibodi iri ɗaya, suka haɗe ta da ƙwayar cutar daji wadda ba ta daina hayayyafa. Abin da aka samu ya gaji halin iyaye biyu: yana rayuwa a cikin kwalba ba iyaka, yana fitar da antibodi iri guda ba sauyi. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 1984. Tsinken gwajin ciki da na maleriya da na ciwon hanta duk jikokinsa ne.

Kafin in dawo da kai kan tsinken, bari in nuna maka wani wuri da wannan kayan aiki ya yi rawar gani, wurin da ya shafi aikina kai tsaye, wato yadda saƙon magani ke tafiya a cikin jiki. Ka ɗauka kana cirar ciyawa a gonar shinkafa sai ka ga maciji. Nan take jikinka zai saki sinadarin adirenalin, zuciya ta hau bugawa da ƙarfi, hanyoyin numfashi su buɗe. Adirenalin ba ya shiga cikin ƙwayar halitta. A bakin ƙofa yake tsayawa ya yi sallama. Wani ɗan aike ne na cikin gida, wanda masana ke rubuta sunansa da haruffan cAMP, ke karɓar saƙon ya shiga da shi. Earl Sutherland ne ya gano shi a ƙarshen shekarun 1950, aka ba shi Nobel a 1971. Shi kuma ɗan aiken yakan tashi wani ma'aikaci mai suna PKA, wanda aka gano a ɗakin binciken Edwin Krebs a 1968, shi ne ke zartar da umarnin. Maganin asma na shaƙawa, salbutamol, da nake miƙa wa mutane kullum da hunturu, ta wannan hanya yake sassauta tsokar hanyoyin iska.

To amma ga abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Ɗan aiken nan ɗaya ne, ma'aikacin ma ɗaya ne, a zuciya da huhu da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Ko a cikin ƙwayar halitta guda, ayyukan da PKA zai iya taɓawa suna da yawa. Me ya hana saƙon da aka aiko domin aiki ɗaya ya bazu ya tashi sauran? Manomin Kiru ya riga ya san amsar. Da damina ba a barin awaki su yi yawo, kowace tana da turkenta, shanun huɗa suna da nasu, in kuwa akwai doki, turkensa daban. Dabbar da ke ɗaure iyakar tsawon igiyarta take ci. Haka ƙwayar halitta take yi da ma'aikatanta. Akwai wasu furotin da aikinsu shi ne su zama turaku, su riƙe PKA dab da inda ake son ya yi aiki, tare da wanda zai kashe saƙon idan an gama. Masana suna kiran su AKAP, kuma John Scott da abokan aikinsa a Amurka suna cikin waɗanda suka fi yin fice a bincikensu tun farkon shekarun 1990. Yau an san irinsu fiye da hamsin.

Tambayar ita ce, ta yaya aka ga turken da ko madubin likita ba ya iya bambanta shi da dubban furotin da ke kewaye da shi? Da antibodi. Mai bincike yakan samo antibodin da ke shaida turke ɗaya, ya yi amfani da shi ta hanya biyu. Ta farko irin ta Coons ce: ya sa masa rini mai ƙyalli, ya zuba a kan ƙwayar halitta, ya duba inda ya haska, sai ya san ko turken a jikin bango yake kafe ko a can tsakiya. Ta biyu kuwa ya niƙa ƙwayoyin, ya jefa antibodin ya kamo turken ya fito da shi. Kamar yadda in ka tumɓuke turke duk abin da ke ɗaure a jikinsa zai biyo igiya, haka duk furotin da ke liƙe da shi za su fito tare, a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Da irin waɗannan dabaru aka gano abubuwan da suka shafi rayuwarmu ta yau da kullum. A 1999 masu bincike a Berlin suka nuna cewa idan aka kwance PKA daga turakunsa a ƙwayoyin ƙoda, ƙofofin da ke mayar da ruwa cikin jiki ba sa zuwa inda ya kamata. Wannan tsari ne ke sa fitsarinka ya ragu idan ka yini da ƙishirwa. An ga cewa ɓerayen da aka cire musu wani turke mai suna AKAP4 daga wutsiyar maniyyi ba sa haihuwa, don maniyyin ba ya iya tafiya. Akwai kuma wani turke a zuciya da aka laƙaba wa suna yotiao, sunan wani dogon soyayyen abin karin kumallo na mutanen Sin. Shi ke riƙe PKA kusa da wata ƙofa da ke taimaka wa zuciya ta shirya bugu na gaba da sauri idan mutum yana gudu ko ya firgita. A 2007 aka ba da rahoton cewa tawaya a wannan turke tana iya sa lokacin shirin ya yi tsawo, abin da kan kai ga suma ko mutuwar farat ɗaya.

Wannan na ƙarshe ya sa na ƙara jin nauyin aikina. Akwai magungunan da ke tsawaita wannan lokacin shiri na zuciya, ko da yake ta wata ƙofar daban suke bi. Kwinin yana ciki, da kulorokwin, da siprofuloksasin da ake yawan sha da sunan taifot. Halfan, wanda manyanmu za su tuna, saboda wannan haɗari ne aka guje shi. Ga yawancin mutane, idan likita ya rubuta kuma aka bi ƙa'ida, amfaninsu ya rinjayi haɗarin. Amma ni da ke bayan taga ba ni da hanyar sanin wane ne aka haifa da zuciya mai irin waccan tawaya. Shi ya sa duk maganin da aka sha ba tare da cutarsa ba, an ɗauki haɗarinsa ne a banza.

Wani abu da ya burge ni a wurin masu binciken nan shi ne ba sa yarda da antibodi don kawai an rubuta sunansa a jikin kwalba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Sukan zuba shi a kan ƙwayoyin da aka riga aka cire musu furotin ɗin da ake nema. Idan duk da haka ya haska, to wani abu daban yake kamawa, sai a ajiye shi. Idan kuwa ya ci jarrabawar, sukan karɓi amsarsa ko da ta saɓa wa abin da suke zato, kuma ba sa ɗora masa tambayar da ba a ƙera shi domin ta ba. Nan ne na gane kuskurena. Na ƙaryata shaida ba tare da hujja ba, don kawai ta saɓa wa abin da idona ya saba gani da damina.

Yanzu ga abin da ke faruwa a cikin tsinken da ake ɗiga jinin ɗanka. Ƙwayar maleriyar da ta fi addabar mu a Nijeriya, falsifarum, tana fitar da wani furotin nata mai suna HRP2 a cikin jini. A farkon tsinken an ajiye antibodin da ke shaida shi, an liƙa masa ƙananan ɓurɓushin zinare waɗanda ke ba da launin ja. Ruwan da ma'aikaci ke ɗigawa bayan jini yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, ya kwashi komai ya bi takardar. A wurin da aka rubuta T an jera wani antibodin a kafe. Idan akwai HRP2, sai ya riƙe shi tare da zinaren da ke jikinsa, layi ya bayyana. Idan babu, komai ya wuce. A wurin da aka rubuta C kuwa an jera wanda ke kama antibodi mai zinaren kansa, ko da cuta ko babu, domin ya tabbatar maka cewa ruwan ya yi tafiyarsa har ƙarshe. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba kowa maganin maleriya sai an gwada jininsa, da tsinke ko da madubin likita, matuƙar gwajin yana samuwa.

Ba na musun cewa maleriya ta yi mana katutu. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya a Nijeriya suke, kuma mu da ke zaune tsakanin fadamun Tudun Wada da ruwan madatsar Tiga ba sai an ba mu labarin sauro ba. Wannan yawan ne ma ya sa muka mayar da kowane zafin jiki maleriya. Amma limoniya tana kawo zazzaɓi, haka ciwon kunne, da ciwon maƙogwaro, da cutar mafitsara, da ƙyanda, da sanƙarau. Layi ɗaya a wurin C yana gaya maka ne cewa ba a ga shaidar maleriya ba, saboda haka a nemi dalilin zazzaɓin a wani wuri, kuma a nema da wuri. Ba a ce ɗanka lafiyarsa ƙalau ba, ba a kuma ce ka koma gida ka zauna ba.

Tsinken yana da iyakarsa, kuma haƙƙinka ne ka san ta. Idan layin C bai fito ba, gwajin ya lalace, ko da T ta fito. Sai a sake da sabo. Layin T ko ya yi dishi-dishi, maleriya ce. Ana karanta sakamako ne a lokacin da kamfani ya rubuta, yawanci minti 15 zuwa 20, kuma abin da ya bayyana bayan an bar shi ya daɗe ba abin dogaro ba ne. Antibodi furotin ne, zafi mai tsanani da laima suna ɓata shi, don haka tsinken da ya sha rana a kan tebur, ko aka yage ledarsa tun jiya, ko wa'adinsa ya wuce, ka ce a canza maka. HRP2 kuma yakan zauna a jini makonni bayan an warke, saboda haka yaron da ya gama magani makon jiya yana iya nuna layi biyu alhali wani ciwon ne ke damunsa yanzu. Ko layi biyu na gaskiya ba ya hana a ce akwai limoniya tare da maleriyar. Sannan akwai ƙwayoyin maleriyar da suka daina fitar da HRP2. An fara ba da rahotonsu a ƙasar Peru a 2010, kuma Eritiriya ta sauya irin tsinken da take amfani da shi a 2016 saboda su. Wannan na cikin dalilan da suka sa idan yaro ya ci gaba da jin jiki bayan layi ɗaya, likita kan sa a sake dubawa da madubi. Hanyar kokwanto ke nan idan kana da shi: ka nemi a sake gwaji, kada ka yanke hukunci daga nesa kamar yadda na yi.

Sai kuma tagwayen da aka saba rubuta mana, "maleriya da taifot". Gwajin Widal, wanda wani likita Bafaranshe ya fito da shi tun 1896, ba ƙwayar taifot yake nema ba. Antibodin da jikinka ya ƙera ne yake aunawa. Mutumin da ya taso a inda ruwan sha ba shi da tsafta yana iya zama ya haɗu da ƙwayar ko danginta tun tuni, jikinsa ya ajiye shaidar, sai gwajin ya nuna lamba mai yawa alhali ba ita ke damunsa yau ba. Abin da ya fi tabbatar da taifot shi ne a shuka jini a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Idan aka miƙo maka takardar Widal ita kaɗai, ka kai wa likita ya haɗa ta da abin da ya gani a jikinka kafin ka sayi kwalin magani.

Ke uwa, ga abin da ya kamata in gaya wa yayata a waya ranar nan. Ki kwantar da yaron, ki ɗaga rigarsa lokacin da ba ya kuka, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif da agogon waya. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, numfashi 40 ko fiye ya yi sauri. Idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki lokacin jan iska, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, kada ki jira gari ya waye, ko layi nawa tsinken ya nuna. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, kowane zazzaɓi nasa na asibiti ne.

Idan kuma layi biyu ne, a ba da maganin har ƙarshe. Haɗin atemita da lumefantirin sau shida ake shan sa cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da yamma, kuma ya fi shiga jiki idan an bi shi da nono ko madara ko abinci mai maiƙo. Kada a tsaya don jiki ya yi sanyi a rana ta biyu, kada kuma a rage wa ƙane abin da aka rubuta wa wa. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa 59 da damina shi ma a karɓa, amma a sani cewa na kariya ne. Yaron da ya riga ya kwanta gwaji yake buƙata.

Ɗan yayata yanzu shekararsa bakwai, yana aji biyu, kuma shi ke kai wa awakin gidansu ciyawa a turke kafin ya tafi makaranta. A daminar bara ƙanwarsa ta yi zazzaɓi, yayata ta sake kira na. Kafin in buɗe baki ta ce, "An gwada, layi biyu ne, na kuma ƙirga numfashinta, 32. Yanzu sai ka faɗa mini yadda zan ba ta maganin." Na faɗa mata, na sa ta maimaita mini, sannan na ce ta kira ni bayan awa 8.

Idan ka zo tagarmu da takarda mai layi ɗaya na ƙi miƙo maka kwalin da kake so, na nuna maka ƙofar likita, ka yi mini uzuri. Na taɓa miƙa shi ga wadda ta fi kowa yarda da ni, na kuma ga abin da ya biyo baya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.